Rabin Rusunawa a Tsibirin Zomo

Wata biyu da sati ɗaya ke nan da Yeom Deok-su ya miƙa wa Pyo Eun-sil makullan Tsibirin Zomo, kuma a cikin wannan ɗan lokaci tsibirin ya faɗi sau ashirin da uku. A shekara goma sha ɗaya da dattijon ya yi yana riƙe da shi, faɗuwarsa ba ta cika yatsun hannu ɗaya ba. Ba wanda ya taɓa faɗar wannan a gaban Eun-sil. Ita ma ba ta buƙatar a faɗa mata, don da shi take kwana da shi take tashi.

Tsibirin Zomo ba ya kan taswirar kowa. Duniya ce ta cikin wasan kwamfuta, irin wasan nan da ake sarar itace da dutse a gina abin da aka ga dama, kuma tana zaune ne a kan wata na'ura da aka yi haya a Seoul, wadda 'yan wasan ke kira saba. Mutum sittin da uku ne ke shiga, galibinsu 'yan nan garin Chuncheon, galibinsu kuma sun wuce shekarun da ake yi wa mutum uzuri in an gan shi yana wasa. Akwai direban tasi, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai mai sayar da tayoyi. Sun gina kasuwa, sun gina gada mai baka bakwai. In mutum biyu suka haɗu a hanya, ɗan mutum-mutumin ƙaramin sai ya rusuna wa na babban da kansa, ba sai an danna komai ba, abin da baƙi ke gani su yi ta mamaki. Ita Eun-sil hasumiyar fitila ta gina a bakin teku. Lokacin sanyi guda ta cinye tana ɗora dutse a kan dutse, shekarar da aurenta ya mutu ta koma ɗakin da ta tashi a gidan mahaifiyarta.

Faɗuwar tsibiri ba ta da ƙara. Mutum yana cikin tafiya sai komai ya daskare, tsuntsu ya tsaya cak a sama, a yi minti ɗaya cur a haka, sannan a watso kowa waje. Sabar takan tashi da kanta, amma aikin rabin awa ya tafi ke nan. Sau biyu ma an dawo an tarar da wani gefe na kasuwa ya ɓace, rami ne kawai a wurin.

Eun-sil ba injiniya ba ce. Tabarau take sayarwa a wani ɗan shago kusa da kasuwa, kuma duk abin da ta sani game da saba a wurin Deok-su ta koya, tana tsaye a bayan kujerarsa tana rubutawa a littafi. Kowa ya ɗauka Bong Tae-rim za a bai wa makullan, tunda shi sana'arsa ke nan a Seoul, albashi mai kauri ake biyansa don ya kula da irin waɗannan na'urori. Amma ranar cin abincin da suke yi duk wata, a gidan gasa kajin da suke haɗuwa, sai dattijon ya tura 'yar takarda mai ɗauke da kalmomin sirri gaban Eun-sil, ya ce shi ya gaji. Babban Yaya suke ce masa, kuma Babban Yaya ba a tambayarsa dalili. Ranar ko giyar shinkafa bai taɓa ba, romon ma ya ture shi gefe, ya ce hutar da ciki yake yi.

Sabar tana da kundi da take rubuta duk abin da ya same ta. Eun-sil ta karanta shi har ta haddace, haddar da ba ta tsinana mata komai ba. Kullum magana ɗaya ce: saba ta yi daƙiƙa sittin ba ta motsa ba, don haka mai gadinta ya kashe ta. Mai gadin nan wata 'yar manhaja ce da ba ta da aiki sai wannan, in ta ga shiru ya yi yawa ta ja wuta. Daga nan sai layi wajen ɗari biyu na Turanci, duk suna nuna wuri ɗaya, wato sashen da ke tafiyar da ƙananan manhajojin da aka jona wa wasan. Wacce daga cikinsu? Nan kundin ya yi gum.

Guda goma sha shida ne a jerin. Akwai ta jiragen ruwa, akwai mai kawo yanayin Chuncheon na gaske cikin wasan, akwai mai tura hirar 'yan wasa zuwa wayoyinsu. Tae-rim ya yi mata bayani a waya cewa saba layi ɗaya take aiki, kamar mace ɗaya a tagar gidan waya. In ɗaya daga cikin manhajojin ta aika tambaya waje ta intanet ta tsaya jiran amsa, to duk layin ya tsaya tare da ita. Maganin shi ne a riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifin. Eun-sil ta cire ta yanayi wata yamma bayan ta rufe shago. Aka kwana lafiya, aka wuni lafiya, aka yi ta turo mata hoton tafi a waya. Kwana na biyu, kafin ta gama goge gilashin shago, tsibirin ya faɗi.

Haka aka yi da ta jiragen ruwa, haka aka yi da ta hira. Kowane gyara sai ya yi kwana ɗaya yana aiki, wani lokaci har kwana biyu in ya faɗo ƙarshen mako, kuma wannan ne ya fi rikita ta. Da ma abin ya ƙi gaba ɗaya da ta san inda ta dosa. Sai da ta cire duk goma sha shidan, tsibirin ya zama ba jirgi ba ruwan sama, amma bai fasa faɗuwa ba. Ta fara zargin ko ita ce ba ta iya karatu ba.

Su kuwa jama'a kowa ya zama likita. Mai tayoyi ya ce gadar ce ta yi tsawo. Direban tasi ya ce ai tun da aka yi girgizar nan ta bara intanet bai koma daidai ba. Amma bakin yawanci ya haɗu a kan kajin Ma Gyeong-ja. Ita wannan ta yi shekara talatin tana dafa abinci a makarantar firamare, da ta yi ritaya sai ta koma kiwon kaji a tsibiri, har sun kai ɗari huɗu, wasu ma da sunayensu. Da safe take wasa, kuma kusan duk faɗuwar da aka yi tana ciki. Hujjar ke nan gaba ɗayanta, amma ta ishi mutanen da suka gaji.

Ranar Laraba, bayan faɗuwa ta ashirin da uku, Tae-rim ya kira ta.

"Yaya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa," ya ce. "Ƙasar ce ta ruɓe. Shekara goma sha ɗaya ana tonawa ana binnewa a fayil ɗaya, dole wata rana ya gaji. Ranar Lahadi zan kawo maganar a share a fara sabo. Na ji ta bakin mutane, yawanci sun yarda."

"A share har da gada?"

"Har da gada."

Ba ta tambayi hasumiya ba, don ta san amsar. Ta tambaye shi ko Babban Yaya ya ji, ya ce ya ji, kuma dattijon ya ce duk abin da jama'a suka yanke shi ke nan. Wannan ya fi yi mata ciwo. Mutumin da ya kafa dutsen farko ya saki, an bar ta ita ce za a riƙa cewa a hannunta tsibiri ya mutu. Saura kwana huɗu.

Ranar Alhamis ta yi abin da ta daɗe tana gudu, ta roƙi Gyeong-ja ta yanka kajin. Matar ta ce in dai don tsibiri ne za ta yi, amma kada kowa ya zo taya ta. Ta yanka su ita kaɗai. Ranar tsibirin bai faɗi ba, aka sake turo hoton tafi.

Da safiyar Juma'a shago ba kowa, sai Eun-sil ta buɗe kwamfutarta a kan teburin gwajin ido ta shiga wasan, da niyyar ta je ta ba da haƙuri. Ta hango Gyeong-ja tsaye a cikin akurkin da ba komai. Ta nufe ta. Da ya rage taku biyar, mutum-mutuminta ya fara rusunawa kamar kullum, ya kai rabi, ya tsaya a haka. Hayaƙin da ke fita daga bututun gidan Gyeong-ja shi ma ya tsaya. Bayan minti ɗaya aka watso su waje.

Eun-sil ta zauna tana kallon allon. Babu kaza ko ɗaya a tsibirin, babu jirgi, babu ruwan sama. Da sabar ta tashi ta aika wa Gyeong-ja saƙo ta roƙe ta ta koma ta tsaya inda take. Ta sake tahowa, ta sake kai rabin rusunawa, komai ya sake daskarewa. A karo na uku sai ta kewaye ta daga nesa, ta yi yawo minti goma ita kaɗai, ba abin da ya faru. Tana matsowa kusa aka faɗi. Gyeong-ja ta rubuto mata cewa in wasa take yi da ita to ta sani ita ba sa'arta ba ce.

Rusunawar nan ba ta cikin jerin goma sha shida, kuma ba wanda ya taɓa tunanin sa ta. A shekarar farko ta tsibiri wani ɗan shekara ashirin ya yi wa ɗan shekara hamsin magana gatsau, don a wasa ba a ganin furfura, aka yi rigimar da ta kusa tarwatsa kowa. Deok-su ya zauna ya rubuta manhajar a kwana biyu. Tun daga nan mutane suka daina ganin ta a matsayin manhaja, suka ɗauke ta tarbiyyar gari. Tana zaune a wata jakar fayiloli daban mai ɗauke da sunansa. Sau ɗaya Eun-sil ta taɓa ambata jakar, Tae-rim ya ce abin da ya yi shekara goma sha ɗaya ba a canza masa harafi ba, ba yau zai fara ɓarna ba. Sannan ya ce, ke za ki buɗe kayan Babban Yaya ba da izininsa ba? Suka yi dariya su biyu, suka wuce. Irin wannan ladabi ne ya ci kaji ɗari huɗu.

Ta waiwaya ta dubi ƙofar shago kamar mai shirin tsamo nama a tukunyar wani, sannan ta buɗe jakar. Layi arba'in da ɗaya ne kawai, da 'yan bayanai a gefe cikin rubutunsa mai tsafta. Ashe manhajar ba ta san shekarun kowa ba. Matan tsibiri sun ƙi a ajiye shekarar haihuwarsu a na'urar haya, don haka ya ajiye jerin a kwamfutar gidansa. Duk lokacin da mutum biyu suka haɗu, sai manhajar ta aika tambaya ta intanet zuwa gidan Deok-su: tsakanin wane da wance, wa ya girma? Sai ta tsaya jira. Bai sa mata iyakar jira ba. A gefen layin ya rubuta cewa ba a buƙata, kwamfutar gida ba ta mutuwa.

Ta kira wayarsa, a kashe. Ta kira ta gida, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Sai idonta ya kai kan kalandar shago, inda take ɗiga jan biro duk ranar da aka faɗi. Wata biyu tana ɗigawa tana duban wanda ke ciki da abin da yake yi, ba ta taɓa ja da baya ta dubi kalandar gaba ɗaya ba, ita da ke sayar wa mutane gani. Ɗigon sun jeru layi uku a tsaye: Litinin, Laraba, Juma'a. Ta duba kundi, duk tsakanin ƙarfe bakwai na safe ne da ɗaya na rana.

Maimakon kanta ya waye sai ya ƙara ɗaurewa. Me ya haɗa kwamfuta da Litinin? Ko masu wutar unguwarsu ne ke gyara? Ko dattijon ya sami wani aiki a ɓoye? Kuma in ma ya fita, mutumin da yake alfahari injinsa bai taɓa hutawa ba tun ranar da ya haɗa shi, me zai sa ya kashe? Ta rataya allon fita cin abinci a ƙofa tun ƙarfe goma sha ɗaya. Ba a zuwa gidan babba hannu rabbana, don haka ta sayi ƙatuwar kankana, ta rungume ta a bas cikin zafin watan takwas tana ta gumi.

Gidansa a hawa na tara yake. Ta danna ƙararrawa, shiru. Ta zauna a kan matakala da kankanarta har ƙarfe ɗaya da kwata, sannan lif ya buɗe. Matarsa Ok Mal-sun ce ta fara fitowa da jaka a kafaɗa, shi kuma yana bayanta yana dafa bango. Fuskarsa ta yi toka-toka. Hannun rigarsa na hagu a naɗe yake, ga auduga da filasta a wuri biyu, ga wata jijiya da ta kumbura kamar igiya. Da ya ga Eun-sil ya kai hannu zai sauke rigar, sai ya fasa.

Suka gaisa. Mal-sun ta buɗe ƙofa ta shige gaba, shi ya zauna a ɗan bencin bakin ƙofa ya juya baya yana fama da igiyar takalmi. Eun-sil tana tsaye a tsakaninsu, sai ta ga matar ta miƙa hannu bayan kabad ɗin takalma ta danna wani maɓalli. Daga ɗakin ciki inji ya yi ɗan tsiwa, fanka ta fara juyawa.

"Anti, wannan maɓallin fa?"

"Na wuta ne. Yana yanke komai banda firji. In za mu asibiti nake kashewa. Gida ba kowa a bar inji yana ta huci? Ba ki ji gobarar da aka yi a ginin can ba?"

Deok-su ya ɗago da takalmi ɗaya a hannu. "Kashewa kike yi?"

"Tun watan shida."

"Kwamfutata?"

"To ba tana tashi da kanta ba in na kunna? Kai ne fa ka yi ta cika baki da haka, Baban Hye-rin. Me ya ragu a jikinta?"

Eun-sil ta ajiye kankana ta yi musu bayani a tsaye, tana in-ina. Shi ke fara fita ya kira lif, matar ta kashe a bayansa. Ita ke fara shiga ta kunna, kafin ya cire takalmi inji ya tashi. Ashe shi ma bai saki tsibirin ba kamar yadda Eun-sil ta ɗauka. Duk ranar da ya dawo, komai gajiyarsa, sai ya zauna ya karanta kundin, ya gwada manhajarsa, ta amsa masa nan take, ya cire ta daga zargi. Da ya gama fahimta sai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har matar ta ce zai ɓalle filastar. Daga nan ya faɗa wa Eun-sil gaskiya.

Ƙoda ce, duka biyun. Wankin ƙoda sau uku a mako, awa huɗu-huɗu, hannu ɗaya a miƙe ba motsi. Shi ya sa ya ba da makullan, kuma ya ba ta ne don ya san ita ba za ta yi gaggawar rushe komai ba. Eun-sil ta ji kunya ta rufe ta, ta tuna romon da ya ture da rigar dogon hannu a tsakiyar zafi, duk a gabanta aka yi ba ta gani ba.

"Kada su ji, ƙanwata," ya ce. "Ranar da suka ji na tashi daga Babban Yaya na koma mara lafiya. Za su fara yi mini magana a hankali, su riƙa kawo mini 'ya'yan itace."

Su uku suka dubi kankanar. Mal-sun ta ce ko yanki ɗaya likita bai yarda ya ci ba, amma ita za ta ci.

Gyaran bai ɗauki minti goma ba. Suka jera sunaye sittin da uku daga babba zuwa ƙarami, ba shekarar kowa, suka ɗora jerin a kan sabar kanta don kada manhajar ta sake leƙa waje. Shi yana faɗa daga kan kujera, ita tana bugawa. Sai a bas, tana komawa, ta gane ba ta gama ba. Tsibiri bai taɓa faɗuwa Asabar ko Lahadi ba, don haka lafiyar kwana biyu ba hujja ba ce a wurin mutanen da aka yi wa albishir sau goma sha shida. Sai ta kawo musu dalili, kuma dalilin da take da shi an hana ta faɗa.

Ranar Lahadi da rana, a gidan gasa kajin, mutum ashirin da shida suka zauna a ƙasa kewaye da tebura, kaji da kabeji suna soyuwa a kan faranten ƙarfe. Deok-su yana can wurin manya a ƙarshen tebur da rigarsa mai dogon hannu. Tae-rim ya yi magana da kyau, ba zagi ba gori, ya ce sabuwar ƙasa za ta fi sauri, kuma ba laifin kowa ba ne. Kawuna suka yi ta gyaɗawa. Eun-sil ta miƙe, ta rusuna, ta ce ta gano matsalar kuma ta gyara. Ta ce laifinta ne, ranar da ta karɓi makullai ta taɓa wani abu a saitin sabar bisa kuskure.

"Wane abu, Yaya?" in ji Tae-rim.

Ta ce wani abu ne na lokaci. Ya ce wane lokaci. Ta ce na jira. Ita kanta ta ji yadda maganar ta fito ba kai ba gindi. Mai tayoyi ya ce ai shi da ma ya faɗa, alhali bai taɓa faɗa ba. Gyeong-ja ta ajiye tsinken cin abinci a hankali.

"Wato kajina a banza suka mutu."

"A banza, Yaya. Ki yafe mini."

"Har da Madam Dusar Ƙanƙara, da na yi shekara shida da ita."

Eun-sil ta sake rusunawa. Ta gefen ido ta ga Tae-rim ya zaro waya. Yana da izinin leƙa sabar, kuma ba ya buƙatar minti ɗaya ya ga cewa a duk makon nan jaka ɗaya ce aka taɓa, mai sunan Babban Yaya. Ta ga lokacin da ya gani. Ya ɗago kai, ya buɗe baki.

A daidai nan Deok-su ya jawo butar giyar shinkafa. Kowa ya san yadda ake yi: ƙarami ke zuba wa babba da hannu biyu, babba in ya ga dama ya zuba wa ƙarami da hannu ɗaya yana hira. Dattijon ya tashi a kan gwiwoyinsa, ya riƙe butar da hannu biyu, ya miƙa ta wajen ƙoƙon Eun-sil. Hannun hagun yana rawa, har giyar ta ɗan zuba a tebur. Ta yi sauri ta durƙusa ta tallafi ƙoƙon, ta rasa inda za ta sa idonta. Kowa ya zuba musu ido.

Tae-rim ya dubi hannun da ke rawa, ya dubi rigar, ya dubi romon da ba a taɓa ba. Ya kifa wayarsa a tebur.

"Tunda Yaya ta ce ta gyara, a jira zuwa ƙarshen wata," ya ce. "Na janye."

Ba a ko ɗaga hannu don ƙuri'a ba. A hanyar gida aka yi ta gardama a kan abin da aka gani. Wasu suka ce ba'a Babban Yaya ya yi mata a gaban jama'a, wasu suka ce buguwa ya yi, duk da ba wanda ya ga ya kurɓi komai. Gyeong-ja ta tafi ba ta yi wa Eun-sil sallama ba.

Ranar Litinin ƙarfe tara Eun-sil ta shiga wasan daga shago, da ƙwai biyu da ta samo a dajin arewa. Gyeong-ja tana akurkinta. Eun-sil ta nufe ta. Taku biyar ya rage, mutum-mutumin ya fara rusunawa, ya kai rabi, ya ci gaba har ƙasa, ya miƙe. Hayaƙi yana ta fita daga bututu. Ta ajiye ƙwan a gabanta.

Gyeong-ja ta ɗauka, ta rubuta: "Saura ɗari uku da casa'in da takwas."

Sai wani suna ya bayyana a gefen allo, sunan da aka yi wata biyu ba a gani ba da safiyar Litinin. Deok-su ya ɓullo daga wajen kasuwa yana tafiya a karkace, ya yi karo da shinge, ya ja baya, ya sake yin karo da shi, tafiyar wanda ke sarrafa komai da hannu ɗaya daga gadon asibiti. Gyeong-ja ta rubuta tana tambaya ko buguwar jiya ce ba ta sake shi ba.

Eun-sil ta nufi wajen Deok-su. Ta je ta tsaya a gabansa, mutum-mutuminta ya rusuna ya miƙe. Sannan ta juya ta kama hanyar gada a hankali, ta bi tsakiya sosai inda ba a faɗawa ruwa, tana tsayawa duk bayan 'yan taku har sai ya iso.